Yaushe Za a Ba Sale Waya

Tun da Sale ya tafi Sifen, Juma'a ce ranar wayarsa. Da an sauko daga masallaci, Mainasara zai hau tudun da ke gefen babban kanal, inda sabis yake kamawa, ya zauna a kan simintin ƙofar ruwa ya jira. Sale shi ne ɗansa namiji da ya rage. Ya bi ta Agadas da Libiya ya tsallaka, ya samu aiki a gonakin tumatur da ake rufewa da leda, kuma tun tafiyar tasa bai sake taka ƙasar Goronyo ba.

Wannan Juma'ar wayar ba ta yi ƙara ba. Mainasara ya zauna har ƙafafunsa suka yi tsami, sannan ya gangara gida. Matarsa Kaltume tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kanta ga rariya.

Ranar Asabar da hantsi shi ya kira. Aka ɗauka, amma muryar mace ce, tana magana da sauri cikin wani harshe da bai taɓa ji ba. A bayanta akwai wani abu mai ƙara ɗil, ɗil, ba ya tsayawa.

"Sale nika biɗa," in ji Mainasara. "Ni na, baban Sale."

Matar ta ce, "Sale, si, Sale," ta ci gaba da zuba magana, sannan ta yi shiru kamar mai jiran amsa. Can ta kashe.

Ya gangara gona ya samu Yari, maƙwabcinsa a fangali, wanda ya yi sakandare a Wurno kafin ya dawo noman albasa. Suka koma tudun tare. Yari ya kira, ya gwada Turancinsa, ya ɗaga murya, ya sake gwadawa a hankali. Daga ƙarshe ya miƙa masa wayar.

"Kawu, wagga ba Turanci taka yi ba. Amma na ji kamar ta ce asibiti."

Mainasara ya dubi ruwan da ke wucewa ƙarƙashin ƙafarsu.

"Akwai wani likita Rabah," in ji Yari, "Rufus aka ce mai. An ce can ƙasar da yay yi karatu irin wanga harshe aka yi. Ka tahi da sahe, ka komo kahin la'asar. Ka san hanyar."

Ya san hanyar. Kowa ya san ba a bin ta da yamma tun da 'yan bindiga suka fara tare mutane a kwanar daji.

Washegari ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin wani ƙaramin asibiti a Rabah, bayansa na ciwo saboda ramukan hanya. Mata ne cike da barandar, kowace da yaro mai zazzaɓi a cinya. Ya samu gefe ya tsuguna. Sai da azahar ta gota layin ya ƙare, aka ce ya shiga.

Rufus ba babban likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne, mutumin Pankshin, amma duk Rabah Likita ake ce masa. Furfura ta cinye kansa, hannun tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure shi. Yana cin gyaɗa daga aljihu lokacin da Mainasara ya yi sallama, da alama ita ce abincin ranarsa. Ya saurari bayanin har ƙarshe, idonsa a lumshe.

"Malam, wa ya gaya muku ina jin Sifaniyanci?" ya ce. "Ina saurayi aka tura mu Kuba karatu, ban ma gama ba aka dawo da mu. Tun daga nan ban samu wanda zan yi shi da shi ba. Ya gudu daga kaina."

"Ko kaɗan na, Likita, gwada mani."

Rufus ya goge hannunsa a wando ya karɓi wayar. Matar nan ce ta ɗauka. Ya fara magana yana tsayawa, yana neman kalma a rufin ɗaki, yana ta cewa "despasiyo, despasiyo," wato ta yi a hankali. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi. Mainasara ya zuba wa bakinsa ido, yana ƙoƙarin karanta labarin a fuskarsa. Da aka gama Rufus ya ajiye wayar a tebur ya cire tabarau.

"Shina da rai?" in ji Mainasara.

"Yana da rai. Faɗowa ya yi daga sama, ban gane daga kan me ba. Ya bugu a kai, ya karye a ƙugu. An yi masa aiki. Yanzu sun sa shi barci da magani, sai sun ga ya dace za su tashe shi. Wayarsa tana teburin masu jinya, duk wanda ke aiki shi yake ɗauka. Wannan matar sunanta Pilar. Ta ce ka riƙa kira, ranar da zai iya magana za su gaya maka lokaci."

"Alhamdu lillahi," in ji Mainasara. Ya sake faɗa, a hankali. Sannan ya ce, "To su hwaɗa mani da wane baki?"

Rufus ya daɗe yana murza idanunsa.

"Gobe zan fita rigakafi ƙauyuka, can babu sabis. Kai ma wannan hanyar ba ta bi kullum ba ce. Matso da kujerarka. Abin da kake bukata ba shi da yawa. Idan an ɗauka, ka faɗi sunansa, sannan ka ce: kwando?"

"Kwando? Na albasa?"

Rufus ya yi dariya, gajeriya, ta ƙare da tari. "Haka yake fita. A wurinsu yaushe ke nan. To sai ka kasa kunne, cikin duk surutun za ka ji ɗaya daga cikin huɗu. Idan ta ce manyana, da safe ke nan."

"Manyana," in ji Mainasara. "Manyana duk sun rasu, Likita. Ni na babba yanzu."

"To ka riƙe ta da haka. Manyana, safe. Ta biyu mediyodiya, tsakar rana, wajen azahar."

Wannan ta ƙi zama a bakin Mainasara. Ya ce madiya, ya ce madi-yau, Rufus yana gyara masa, har wata mata ta leƙo da yaro a kafaɗa ta ce jikinsa ya ƙara zafi. Rufus ya tashi ya yi allura ya dawo, suka ɗora daga inda suka tsaya. Tarde, daga bayan azahar har rana ta faɗi. Noce, dare.

"In rana ta nutce," in ji Mainasara.

"Yauwa. Kuma yanzu lokacin sanyi ne, agogonsu da namu ɗaya ne. Ba sai ka yi lissafi ba. Faɗa mini su daga farko."

Ya faɗa. Ya sake faɗa. Rufus ya juya masa su, yana faɗin Hausar shi yana kawo ta can, sannan ya dubi inuwar da ke bakin ƙofa ya ce ya tashi ya kama hanya. Ya sa masa lambarsa a waya. Mainasara ya tsaya zai yi doguwar godiya, amma tuni wata ta shigo ta zauna a kujerar da ya tashi.

A kan mashin, iska na dukan fuskarsa, bakinsa bai daina motsi ba. Ɗan kabu-kabu ya ɗauka addu'ar hanya yake yi, shi ma ya kama tasa.

Da ya gaya wa Kaltume yaron na da rai, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ran nan ne ta fara cin abinci tun Juma'a.

Washegari bayan azahar ya hau tudu ya kira. Pilar ce.

"Sale," ya ce. "Kwando?"

Ta yi wata 'yar ƙara ta mamaki, sannan ta rage sauri. Maganar ta wuce shi kamar ruwan kanal, amma a ƙarshe ya ji ta sarai: manyana. Ta ma faɗa masa da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa kurma. Ya sauko daga tudun da sauri irin wanda ya daɗe bai yi ba.

"Da sahe," ya ce wa Kaltume. "Ta ce da sahe."

Sai dai da safe ake sakin ruwa a layinsu. A shekarar ruwan ya yi ƙaranci, ba kullum ake buɗewa ba, kuma gonar Mainasara tana can ƙarshen layi, nesa da tudun. Wanda bai tsaya da fartanya a bakin fangalinsa ba, ruwa zai wuce shi ko na sama su shanye. Albasarsa kuwa ta fara ɗaurin kai, lokacin da ba ta son ƙishi ko na yini. Ya san haka. Da gari ya waye ya ɗauki waya ya bar fartanya.

Namiji ne ya ɗauka. Mainasara ya ce Sale, ya ce kwando. Mutumin ya yi magana a gajarce, ya ce manyana, ya kashe.

Mainasara ya dubi rana. Ko hantsi ba ta yi ba. Idan wannan ba safe ba ne, to mene ne? Ya ce a ransa wataƙila ya makara, mutanen asibiti da wuri suke tashi. Kashegari ya fito ana idar da sallar asuba, sanyi na cin gwiwoyinsa, ya zauna a kan simintin da ya yi kamar ƙanƙara. Wata sabuwar murya, mai barci a ciki. Manyana. Ya ce to wataƙila ya yi sammako da yawa. Rana ta gaba ya jira sai da rana ta fito sosai. Manyana.

Haka aka yi ta yi. Kullum zai sauko ya iske an rufe ruwa, ko ya samu ɗan guntun da bai kai fangalin ƙarshe ba. Yari yana taimaka masa idan ya gama nasa, amma mutum ɗaya ba ya tsare baki biyu. Ganyen albasar ya fara yin ɗorawa daga sama, sannan ya fara kwanciya. Mainasara yana gani, ya wuce. Barci ma ya rage masa. Idan ya kwanta sai kalmomin su riƙa kewaya masa a kai, yana tsoron kada ya wayi gari ɗaya ta ɓace.

Wata rana da ya dawo Kaltume ta tare shi tun daga bakin ƙofa.

"Malam, in ya rasu su hwaɗa muna. Mu yi mai addu'a mu huta. Wanga wane irin sahe na da ba ya zuwa?"

"Likita ya ce shina da rai."

"Likita ya gane shi da idonai?"

Mainasara ya juya ya koma tudun, ya kira lambar Rufus. Ba ta shiga ba, kamar yadda ta ƙi shiga jiya da shekaranjiya. Ya zauna yana sake gwadawa. Wajen la'asar ta shiga. Ana jin kukan awaki da iska a bayan Rufus, muryarsa kuma ta dishe.

Mainasara ya gaya masa komai.

"Kai, Malam," in ji Rufus. "Na manta ban gaya maka ba. Manyana safe ce, kuma gobe ce."

"Wacce daga ciki?"

"Duka biyun. Kalma ɗaya ce."

Mainasara ya sauke wayar daga kunnensa ya dube ta, ya mayar. "Ashe gobe suka ce mani kullum."

"Haka nake zato. Bai farka ba tukuna, shi ya sa."

"To ƙaƙa nika gane wadda suka nuhi?"

"Idan ka ji ta sau biyu a jere, da 'yar magana a tsakani, gobe da safe ne. Idan sau ɗaya ce, ka ɗauka gobe ne kawai, ka kira lokacin da ka samu sarari. Ka je ka ba albasarka ruwa. Sannan ga wata, ƙarama ce, ka kasa mata kunne: oi. Yau ke nan."

"Oi."

"Ita za ka jira. Ka yi haƙuri, Malam. Kaina ne ya cika."

"Ba komi, Likita. Kai ma sannu da aiki."

Bai ji haushin Rufus ba. Ya nemi haushin a ransa bai samu ba, gajiya kawai ya samu. Ya daɗe zaune kafin ya iya miƙewa.

Daga ranar ya koma tsayawa a bakin fangali da safe, ya hau tudu da tsakar rana. Ruwan ya ceci fangalin da ke kusa da kanal. Na can ƙarshe kuwa sun riga sun tafi, ya tona ɗaya ya ga kan bai fi goro ba, ya yi laushi. Yari ya ce a gwada zuba taki, Mainasara ya ce a bar shi.

Ranar wata Alhamis Pilar ta ɗauka, kuma tun kafin ya gama cewa kwando ta katse shi.

"Oi! Oi, papa. Tarde."

Ya maimaita mata, don ya tabbata. Ta ce si, si, tana dariya, ta sake faɗa.

Ya je gida ya ce wa Kaltume ta sako mayafi. Ba ta taɓa hawa tudun ba. Ta hau a hankali, tana dafa gwiwa, ta zauna a gefen simintin tana kallon faɗin ruwan dam da ke can nesa yana ƙyalli. Da suka ga azahar ta wuce ya kira. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya jira, ya sake. Shiru.

"Halan ba ka ji daidai ba," in ji Kaltume.

"Tarde tac ce."

"Ita ma ba ta da ma'ana biyu?"

"Ban sani ba," ya ce. Gaskiya ce, bai sani ba.

Suka zauna. Rana ta karkata, masu babura suna wucewa a ƙasa da buhunan taki, wasu suna ɗaga masa hannu. Ya gangara ya yi alwala a kanal, ya yi la'asar a kan simintin, ita ma ta yi tata a bayansa. Da ya sallame ya ɗauki wayar ba tare da ya sa rai ba.

Pilar ta ɗauka. Ta ce wani abu, aka ji takun takalmi, aka ji an buɗe ƙofa, aka ji motsin zane. Sannan numfashi.

"Baba."

Muryar ta yi ƙasa, ta yi nauyi, kamar ta tsoho.

"Sale? Kai na?"

"Ni na, Baba."

Duk abin da Mainasara ya tanada tsawon kwanakin nan ya tsere masa. "Ƙaƙa jiki?" ya ce.

"Da sauƙi."

Sale ya ba shi labarin a gutsure, yana tsayawa yana neman abin da zai ce. Ya hau rumfa ne zai liƙe ledar da iska ta yaga, ƙarfe ya karye da shi. Abokan aikinsa suka kawo shi bakin asibiti suka ajiye suka gudu, don ba su da takardu, suna tsoron a riƙe su. An sa masa ƙarfe a ƙugu. An ce zai yi tafiya, amma da sanda, kuma ba yanzu ba.

"Ka taho gida," in ji Mainasara.

"In niz zo, Baba, ba ni iya komowa nan. Kuma da wagga ƙahwa mi za ni yi ga gona?"

Mainasara ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Albasa hwa?" in ji Sale. "Ta ɗaura kai?"

Mainasara ya juya ya dubi ƙarshen layi, inda koren ya yanke ya koma launin kara.

"Tana nan," ya ce. "Ga innarka."

Kaltume ta karɓi wayar da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba sai da ta ji muryar. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, wane iri suke ba shi, ko akwai mai juya shi idan ya gaji da kwanciya. Ta fara jero masa addu'a, ba ta kai ƙarshe ba Pilar ta karɓi wayar ta yi magana mai taushi, ta kashe. Kaltume ta ci gaba da addu'ar har ta gama, wayar na kunnenta.

Suka sauko. Ita ta yi gida, shi ya bi ta gona. Yari yana tattara tiyo.

"An ji shi, Kawu?"

"An ji shi."

"Alhamdu lillahi. Zai taho?"

"Bai tahowa."

Yari ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe tiyonsa.

Sale ya fita daga asibiti ana cikin cire albasa. Daga baya ya samu aikin tantance tumatur a wani shago, a zaune ake yinsa, kuma ba kullum ake kiransa ba. Abin da Mainasara ya cire a shekarar bai kai rabin na bara ba. Ya ware buhu ɗaya mai kyau ya ba ɗan kabu-kabu ya kai wa Rufus a Rabah, Rufus ya aiko da godiya da ƙwayoyin ciwon gwiwa a ƙullin leda. Da rani ya zagayo, Mainasara ya kira Yari ya ce ya ɗauki fangalin ƙarshen layi ya noma, su raba abin da Allah ya bayar. Yari ya ce ya bari ya ƙara shawara, ƙila ƙarfinsa ya dawo. Mainasara ya ce ya riga ya yi shawarar. Suka taka tare har iyakar, ya nuna masa inda ɓera ke huda kunyar fangali da inda ruwa ke kwanciya, sannan ya samu gindin wata bagaruwa ya zauna, ya ce Yari ya wuce, shi zai ɗan huta kafin ya taso.